Roma da Ruma

Ni 'yar Ruma ce, aure ya kai ni Jibiya. Mijina tafinta ne a bakin iyaka, tsakanin 'yan kwastan namu da 'yan duwan na Faransa, ni kuwa ina tuƙa wa direbobi tuwo a rumfa. Shekara biyar rabona da gida. Duk sanda na nemi izini sai ya ce, "In kin tafi wa zai riƙe rumfar?"

Muna shekara takwas da aure wani Bature mai aikin hanya ya tsaya da matarsa, ana duba takardunsu. Mutanen Italiya ne. Suka zauna a bencina suna Faransanci da maigida. Matar ta fito da hoto, ita da mijin a tagar jirgin ƙasa. Maigida ya fassara wa jama'a cewa ranar da aurensu ya cika shekara goma ne mijin ya kai ta wani tsohon birni yawon buɗe ido. Sai ya juyo gare ni, don dai a san shi ma namiji ne, ya ce, "Ke ma in mun cika goma zan kai ki Roma a jirgi."

Ruma na ji. Wallahi Ruma na ji! Ina na san akwai wani gari Roma a bayan teku? Mu ma tsohon birni ne, har da ganuwarmu. Na ɗauka Baturen nan shi zai shimfiɗa mana layin dogo. Aka yi dariya, na taya su, har na ƙara wa matar miya.

Da kaka ta zagayo yayana ya zo da jaki biyu. Ya ce ƙafafun Inna sun kumbura, tana nemana. Ranar maigida bai hana ni ba, ya ce in na ga dama in je. Ni na ƙi, kuma wannan ne ke cina har yau. Na ce, "Yaya, ka ce wa Inna ta ƙara haƙuri. Baɗi bayan Babbar Sallah zan zo mata a jirgi, kowa ya gani."

Ya ce, "Jirgi a Ruma? Ke, kanki ɗaya?"

Na ce shi baƙauye ne, bai san abin da duniya ke ciki ba. Ya ja jakunansa ya tafi.

Ranar da muka cika goma na ɗaure kayana, turmin atamfa da sabulun Maraɗi da goro, na sami maigida gaban ofis. Na ce, "Malam, na shirya. Ina za mu hau?"

Sai da ya daɗe kafin ya tuna. Da ya gane, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira 'yan kwastan su zo su ji. "Roma na ce, ta Turawa! Wasa ne, sakarya!" Bai ma san na riƙe maganar ba. Shekara biyu ina lissafin watanni, shi kuwa tun a bencin ya manta.

Na juya na bar wurin. Na ɗora kayana a ka, na bi ayarin fatake ba da izininsa ba. Na tarar kwana huɗu da binne Inna. Ɗan aiken da aka tura mini mun yi saɓani da shi a hanya.

Matar yayana ce ta gaya mini sauran. Tun bayan Sallah, kullum da hantsi sai Inna ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida. Idonta ya riga ya tafi, kunne take kasawa. Ko motar gyaɗa ta ji daga nesa sai ta ce, "Ku duba mini, ko jirgin ne."

Atamfar a can na bar ta. Na koma Jibiya saboda 'ya'yana, na ci gaba da tuƙa tuwo. Har maigida ya mutu, in hira ta yi daɗi yakan ba baƙi labarin nan don a yi dariya, kuma bai taɓa kaiwa wurin tabarmar ba.