Sunan da Na Haɗiye a Filin Kibiya

Jama'a, abin da zan ba ku ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi da akwai yadda zan yi in ce mafarki ne da tuni na faɗa na huta. Shekarun baya ne, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rano, in an tashi daga makaranta kuma ina bin filayen ƙwallo na Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke tsakani, in yi sharhin wasa a lasifika, bayan an busa tashi in tura rahoto ta waya zuwa wani gidan rediyo a Kano. Kar ku ɗauka wani babban aiki ne. Sau da yawa rahoton namu sai an gama labarin ƙwallon Turai kaf sannan a ɗan saka shi a gurguje, wataran ma a manta da shi, mu kuma muna nan mun kasa kunne a rediyo kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Amma muna son abinmu, kuma a ƙauye ɗan jarida ne kai ko an ƙi ko an so.

Wanda ya sa ni a harkar wani dattijo ne da kowa ke kira Malam Na-Layi, saboda tunda yake ba a taɓa ganinsa a zaune ana wasa ba, kullum yana bin layin gefen fili sama da ƙasa, goro a kumatu, 'yar rediyo a aljihun gaba. Shi da ni kamar ba sana'a ɗaya muke ba. Shi mutum ne mai sanyi da bin diddigi, ko a gabansa aka ci ƙwallo ba zai aika rahoto ba sai ya je ya tambayi alƙalin wasa wa ya ci. Ni kuwa Allah ya hore mini baki, in na riƙe makirufo har mai rake sai ya bar rakensa ya matso. Kullum faɗan da yake mini ɗaya ne, wai bakina ya fi idona gudu. In ce masa, “Oga, ai da bakin ake biyanmu.” Ya ce, “Wa ya biya ka?” Sai mu yi dariya, in hau bayan mashin ɗinsa mu tafi. Mutumin nan shi ya karɓo mini aure da mahaifina ya rasu, don ku san matsayinsa a wurina.

To akwai wani abu a sharhin ƙauye da wanda bai yi ba ba zai sani ba. 'Yan wasa ba su da lamba a baya, masu ita ma yau wannan ya sa gobe wancan ya ara, ga ƙungiyoyi da yawa, ba ka isa ka haddace kowa ba. Don haka duk garin da ka je akwai wanda zai tsaya a bayanka yana raɗa maka sunaye, muna ce masa mai raɗa. Shi yana zubawa a kunne, kai kana fitarwa ta baki, ba ka tunani, ba ka waiwaye, domin idon mai sharhi ba ya barin ƙwallo. In ka saba, maganar ba ta ma bi ta kanka, daga kunne sai harshe.

Ranar da abin ya faru an gama girbi, wasa ne tsakanin samarin Kibiya da na Lausu, a wani fili da ke bayan gari wanda da damina gyaɗa ake shukawa. Bayan la'asar ne, rana tas, mutane cike har kan bishiya, masu awara da masu fura duk sun baje. Aka ajiye mini tebur a gefe, mai janareta ya tayar, Oga ya kama layinsa. 'Yan Kibiya na ɗan san su, amma 'yan Lausu sababbin yara ne, kuma mutumin da aka ce zai mini raɗa bai zo ba. Aka busa usur na fara lalube, ina ta “mai jar riga ya ba wa dogo, dogo ya mayar wa gajere,” har 'yan kallo suka fara mini dariya, raina ya fara ɓaci.

Sai na ji murya a bayan kunnena na hagu, ƙasa-ƙasa, ta namiji, ba ta yaro ba ba ta tsoho ba. Ta ce, “Habu.” Na ce Habu. Ta ce, “Nasiru Ƙwaro.” Na ce Nasiru Ƙwaro. Mutanen Lausu suka ɗau tafi. A raina na ce alhamdu lillahi, mai raɗa ya iso, ban ko juya ba.

Wallahi tunda nake ban taɓa sharhi mai daɗin na ranar ba. Mutumin ba ya kuskure, kuma ba ya jira ƙwallo ta isa ƙafar mutum, tun tana sama zai faɗi wanda za ta sauka wa, wani lokacin ma tun mai ita bai ɗaga kai ya duba wa zai ba ba. Ni kuma ina ta zubawa, fili ya rikice, ana cewa yau mai sharhi ya sha wani abu. Abu biyu ne kawai suka ɗan taɓa ni, su ma sai daga baya na ba su muhimmanci. Numfashinsa a wuyana sanyi gare shi kamar an buɗe randa. Sannan wani ƙamshi nake ji na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wadda aka tono daga can ciki, alhali an daɗe da ɗauke ruwa, filin a bushe yake ƙamas.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci 'yan Lausu suka sami bugun kwana. Wanda zai buga wani saurayi ne siriri mai gudun tsiya, ana ce masa Jirgi, ɗan wani Bafulatani ne da ya zauna a gefen Lausu yana noma yana kiwo. Duk wasan Jirgi muryar take ce mini, ni ma Jirgi nake cewa. Ya ajiye ƙwallo ya ja baya. Muryar ta ce, a hankali, ba tare da ta canza ba, “Marigayi Salisu na Malam Buba zai buga.”

Na faɗa. Duka na faɗa, da marigayin da komai, a lasifika, da ƙarfin da Allah ya ba ni.

Sai da maganar ta dawo mini daga ɗaya gefen filin sannan na ji abin da na ce. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Yaron ya tsaya da ƙafa ɗaya a baya ya juyo yana kallon tebur ɗina, sai kuma ya yi 'yar dariya ya daki ƙirjinsa, wai ga shi nan da ransa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce a'uzu billahi, wata mata daga cikin masu awara ta ce bakinka ya sari ɗanyen kashi. Na shiga ba da haƙuri, na ce tuntuɓen harshe ne, Allah ya ja kwanan Jirgi. Can na hango Oga ya bar layinsa ya nufo ni, fuskar nan a murtuke, ya tsallako har cikin fili don ya yanke hanya.

Yana tahowa muryar ta sake matsowa, har na ji sanyin a cikin kunnena. Ta ce “Marigayi,” sannan ta faɗi wani suna da sunan uba, ta ƙara da cewa, “ya shigo fili.”

Jama'a, bakina ya riga ya buɗe. Na rantse muku harafin farko ya fito, don lasifika ta kama shi. Ban san sunan ba, ban taɓa jin sa ba, amma a lokacin mutum ɗaya ne tak ya shigo fili wanda ba ɗan wasa ba, kuma idona a kansa yake. Na datse harshena da haƙori har na ji gishirin jini, na kife makirufo a kan tebur, sannan na juya.

Babu kowa a bayana. Daga ni sai fili fetal har zuwa inda janareta yake, mai shi yana zaune a kan jarka yana danna waya. Na ce masa ina mutumin da ke tsaye nan? Ya ce wane mutum? Ya ce shi tun ɗazu yana mamakin yadda nake karkata kai gefe guda kamar mai ciwon wuya. Oga ya iso ya ƙwace makirufon, ya ce, “Ka ga abin da nake gaya maka ko? Je ka wanke bakinka, jini kake.” Shi ya ƙarasa sharhin ranar, da muryarsa mai sa barci, ni ina zaune a ƙasa.

Ba a rufa mako ba Jirgi ya rasu. Ya dawo daga kai wa shanu harawa ya ce kansa na ciwo, ya kwanta, kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na so in ƙi zuwa gaisuwa don tsoro da kunya, Oga ya ce ko a ɗaure sai na je. Muka tarar da Malam Buba a kan tabarma a ƙofar gida, muka yi addu'a, mutane suna ta satar kallona. Da za mu tashi ya riƙo hannuna ya ce in dakata. Ya ce, “Malam, ban riƙe ka da komai ba, rai na Allah ne. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Yaron nan sunan mahaifina ya ci, don haka tun yana cikin tsumma babu mai kiransa Salisu a gidan nan, ko abokansa ba su sani ba. Wa ya gaya maka?” Na ce, “Baffa, wallahi ban ga fuskarsa ba.” Ya saki hannuna ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Daga ranar ban sake yin sharhi ba. Na gwada sau ɗaya a wani wasa a Rano, ina ɗaga shi na ji sunan nan na biyu ya taso mini a maƙogwaro kamar tari, na ajiye na ce cikina ke ciwo. Na je wurin wani malaminmu na faɗa masa komai, ya ce in riƙe azkar, in bar abin da ya fi ƙarfina, bai ce mini ga abin da ne ba, ni ma ban matsa ba. Oga kuwa ban gaya masa ba. Ta ina zan fara? Ya ɗauka kunyar abin Jirgi ce ta kore ni, ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya yi fushi ya daina biyo mini da mashin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san gani yake na watsar da shi bayan duk abin da ya yi mini.

Da shekaru suka tafi na fara lallashin kaina cewa wataƙila sunan ba na kowa ba ne, ruɗewa ce kawai. Sai aka zo ɗaurin auren 'yarsa ta fari. Muna zaune a ƙofar masallaci, mai sanarwa ya miƙe ya ce an ɗaura auren wance 'yar wane ɗan wane, ya faɗi sunan Oga na yanka da na mahaifinsa. Shi ne. Ko harafi ɗaya bai canza ba. Mutane suna shafa fatiha, ni kuwa hannuwana sun ƙi ɗaguwa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ni ma na yarda, babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, bakina bai isa ya kashe ko kiyashi ba. Amma na faɗi suna ɗaya na ga abin da ya biyo baya, na haɗiye ɗaya, mai shi yana nan yana cin goronsa har yau. Ku ce mini camfi ne, na ji, ba zan gwada ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen yanzu, kwanan nan samarin Rano da Kibiya suka shirya wasan karrama shi, tunda ƙafa ta fara ba shi matsala ya daina bin layi. Ya zo har gida da sandarsa, ya zauna a zaure, ya ce abu ɗaya yake roƙo, ni zan riƙe makirufo ranar, ni zan kira shi ya shigo fili. Ya ce, “Kuma ka ji, na gaji da Na-Layin nan. Da sunan da ubana ya raɗa mini za ka kira ni, ko sau ɗaya a ji shi a lasifika.” Na ce, “Oga, ka yafe mini, ba zan iya ba.” Ya tambayi dalili, na sake ba shi haƙuri kawai. Ya miƙe da ƙyar, ya ce ba komai, ya gode, ya fita bai ko taɓa ruwan da aka kawo masa ba. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, ina hawaye kamar ƙaramin yaro. Da na dawo zauren, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan na tarar, ga shi ko yayyafi ba a yi ba.

Don haka 'yan'uwana masu riƙe makirufo, da ku masu tura duk abin da kuka ji a waya, ina roƙonku don Allah, in aka raɗa muku magana ku juya ku ga fuskar mai ita kafin ku maimaita. Oga yana fushi da ni, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Na yarda ya yi ta yi, in dai yana nan zai amsa. Kuma in kun lura, duk tsawon labarin nan ban rubuta muku sunansa ba.