Ko a Wasa Manomin Albasa Nike

Jama'a, yau ƙwayar ludo ta ci mutuncina a Jega!

Kun san wasan labarin da mukan yi a rumfar Bala mahauci, kowa ya zaɓi wanda zai zama. Ni kullum maharbi nike. Yau Bala ya ce, "An daina zaɓe. A jefa ƙwaya, kowace lamba da sana'arta."

Sani direba ya jefa, ya zama attajiri. Na jefa, sai manomin albasa! Ni da albasata ta ruɓe kaf bana!

Na ce, "Haba Bala, bari in sake."

Na sake. Manomin albasa!

Sani ya ce, "Wallahi ƙwayar ga ta san ka."

Sunka fashe da dariya. Na ɗauki hulata na fita. Ko da wasa an hana ni zama wani.