Mai Matsa Ƙafa a Tashar Madawa

A tashar Madawa, cikin zafin bazara, wani magidanci na zaune bisa buhun albasa, ɗiyarsa kwance a cinyarsa, lulluɓe da bargo. Idanunta sun yi ɗorawa. Hannuwansa duk kanta, irin na mai aikin garka, amma a hankali yake matsa mata ƙwauri, daga gwiwa zuwa idon sawu, ya sake komawa. Da gani ba yau ya fara ba.

Ya lura ina kallo. "Amosanin jini ne, Mushe," in ji shi, kamar yadda ake kiranmu mu malaman makaranta. "Ita ce ta ukku. Daure, Zuhura, mota ta kusa."

Ban tambaye shi ina biyun suke ba.

Da safen nan na koya wa ɗalibaina 'yan lakkwal dalilin da ya sa wannan ciwon na gado bai ɓace ba: wanda ya gaje shi gefe guda, masassarar sauro ba ta cika kashe shi ba, wanda ya gada daga uwa da uba shi ke shan azaba. Har na bugi ƙirji, ina dariya, na ce ni gefe guda ne.

Magidancin na gyara zama, yana nuna mini wuri a inuwa. Na kasa zama.