Tarkon da na ɗana a fadarmu

A lokacin ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa, kaina kuma cike yake da jin cewa na fi kowa a Gure wayo. Da hutun damina ya zo sai aka ɗauke ni sitaj, wato koyon aiki, a binciken ɗalibai kan tsaron wayar hannu da rezo, hanyar sadarwa ke nan. Malaminmu ya gargaɗe mu kada mu gwada komai a kan wayar wani sai da izininsa a rubuce. Na ce to da baki kawai.

Da na zo gida ganin tsohuwata, sai na taho da wata ƴar na'ura mai ba da wifi. Na kunna ta a fadarmu, majalisar da mu samari muke shan shayi da la'asar, daura da gidan likita. Mutanenmu ba sa tambayar mai rezo in dai kyauta ne. Duk wanda ya shiga sai shafin da na ƙirƙira ya nemi adireshinsa da lambar sirrinsa, su kuwa suna ta bayarwa, ni ina dariya a ciki. A cikinsu har da wata ma'aikaciyar jinya da aka turo daga Tawa, wadda take zuwa gida tana yi wa tsohuwata allura, tana kirana ƙanenta. Shaiɗan ya ja ni na buɗe saƙonninta, na tarar da takardar sunayen masu karɓar maganin wata cuta da ake ɓoyewa. Maimakon in goge sai na adana a na'ura mai ƙwaƙwalwa tawa, wai hujjar bincike.

Ka san al'adar fada, na'urar ɗaya ta kowa ce. Wani abokina ya ari tawa zai kwafi finafinai. Kafin kasuwa ta sake ci sunayen sun kai har Kelle. Wani dattijo ya daina fitowa masallaci, wasu suka daina zuwa karɓar magani, gari kuma ya ce baƙuwar nan ce ta tona. Aka dakatar da ita daga aiki.

Ranar da za ta bar gari ta biyo gidanmu, ta miƙo mini wayarta, ta ce, “Ƙanena, kai ne ka yi karatun abin nan. Don Allah duba mini, ta ina suka shiga?” Na jujjuya wayar, na ce mata ban ga komai ba. Ta yi mini godiya, har da addu'a.

Na gama sitaj da yabo, amma har yau in waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai in zaci ita ce. Ɗalibai ƴan'uwana, izinin nan da ake cewa ku nema ba wasa ba ne, domin bayan kowace waya akwai mutum da asirinsa. Lambarta tana nan a wayata, ban taɓa iya kira ba.