Ɗorawar Inna da Fom Mai Layi Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da aka gama dam ɗin Bakolori aka shiga baje gonaki don noman rani, na samu aikin da ya kumbura min kai. Ni ne tafintan wani Bature mai awon gonaki a Talata Mafara. Ban daɗe da gama sakandare ba. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba, biyu daga ciki ba sa ma rubutu, ga baƙin tabarau da ko hadari ya haɗo ba na cirewa. Idan motar aiki ta bi ta ƙauyenmu, can wajen Dakko, sai na fito da gwiwar hannu ta taga don kowa ya shaida.

Aikin ba wuya a ganina. Mu auna gona, mu shafa wa itatuwan ciki jan fenti don katafila ta san abin turewa, sannan mai gona ya dangwala yatsa a fom. Fom ɗin layi ɗaya gare shi na sunan mai gona, ƙarƙashinsa kuma an rubuta cewa gonar da duk abin da ke cikinta nasa ne shi kaɗai. Sai an dangwala katafila ke shiga. Maigidana Bature mutumin kirki ne, mai fara'a, amma yana ji da fom ɗin nan ƙwarai. Ya sha gaya min cewa da shi ya yi aiki a ƙasashe da dama, wasu ma ban taɓa jin sunansu ba, kuma ko'ina ya zauna daidai. Ni kuwa na haddace maganar, ina maimaita wa manoma da ƙarin gishiri.

Wata Laraba awo ya kai mu gonar wani dattijo, aminin marigayi mahaifina. A tsakiyar gonar akwai wata ƙatuwar ɗorawa, kuma daidai kanta taswira ta ce ƙaramar hanyar ruwa za ta bi. Na san ɗorawar nan fiye da yadda na san ɗakin kwanana. Ta mahaifiyata ce. Duk bazara ita da ƙannena ke zuwa su kaɗo 'ya'yan, mu sha garin har bakinmu ya yi rawaya, kalwar kuma ta dafa ta yi daddawa a kai kasuwar Talata. Da daddawar nan aka ɗinka min kayan makarantar da na koyo Turancin da nake taƙama da shi. Duk da haka, da Bature ya nuna itacen, ni na ɗauki gwangwani na shafa masa ja. Har da gyara layin don ya miƙe.

Na ce wa kaina ci gaba ne, kuma ba a yin ci gaba da son kai.

Muka gaisa da dattijon, gaisuwa mai tsawo har Bature ya duba agogo sau biyu. Na buɗe fom, na gyara murya, na fassara masa. Ya riga ya miƙo babban yatsa na shafa masa tawada, sai ya janye.

"Tsaya, ɗana. Mi kac ce? Duk abin da ke ciki?"

"Duka, Baba. Haka dokar take ko'ina a duniya."

"To duniya ta yi haƙuri. Gona dai tawa ta, amma ɗorawar ga ta mahaifiyarka ta, kai ma ka sani. Da kakanka yas sai wa babana gonar ga, ya hidda iccen, yac ce na ɗiyatai na. Karan da ka saura bayan girbi kuma na Bahillacen da ka sauka nan da shanunai na, tun kakanni, shi ka bar muna taki. Ni da hurhurata in dangwala hannu ga abin da ba nau ba? Mi za ni ce ma Allah?"

Ya goge yatsan a ƙasa, ya ɗauki fartanyarsa. Na fassara wa Bature rabi, na haɗiye rabin da ya shafi mahaifiyata. Ya ce ba komai, in shawo kan tsohon kafin Asabar, don ranar katafila za ta iso wannan layin.

Ran nan da na koma gida labari ya riga ni. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ta ajiye min tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna gefe tana tsince wake.

"An ce kai ka riƙe gwangwanin."

"Inna, aikin gwamnati ne."

"Awo. Ci tuwonka. Miyar ga da daudawarta anka yi ta, ka ci da kyau, ƙila ita ce ta ƙarshe."

Ban taɓa cin tuwo mai wuyar haɗiya irin wannan ba. Kunya ta kama ni sosai, amma girman kai bai sake ni ba. Sai na fito da dabara irin ta masu boko: tunda dattijon ya ƙi, ita ta dangwala a matsayin mai gona, daga baya a daidaita. Ta dube ni ta ce, "Wato shi ya ƙi cin iccena, ni in ci gonatai? Wannan karatun anka koya maka?"

Washegari na gaya wa Bature gaskiya duka, har da cewa mai itacen uwata ce. Ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce a duk inda ya yi aiki, wanda ke da ƙasa shi ke da abin da ya tsiro a kanta, yana so ya ga wannan abu da idonsa.

Ranar Asabar da hantsi muka iske taro a gindin ɗorawar. Ga dattijon, ga Bafulatanin ya rataya sanda a kafaɗa, ga mahaifiyata da lulluɓinta ta zauna a kan saiwa kamar a tsakar gidanta. Katafila na can nesa tana gurnani. Bature ya fara tambaya, ni ina fassarawa, wannan karon ban haɗiye komai ba. Ƙasa ta wa? Dattijo ya ɗaga hannu. 'Ya'yan itace? Aka nuna Inna. Kara? Bafulatani ya gyaɗa kai. Reshen da ya bushe ya faɗo? Aka ce na matar da ta fara zuwa itace. Babu wanda ya yi gardama da wani, kowa ya san iyakarsa ba tare da takarda ba. Bature ya dubi layinsa guda ɗaya, ya dubi mutanen, sai ya yi murmushi ya ce in tambaye su, to inuwar fa ta wa ce?

Da zolaya ya yi tambayar, amma dattijon ya amsa da gaske. "Ce mai, inuwa ta wanda rana tad dama ce. Ga shi nan shi ma cikinta yake tsaye, wa ya hana shi?"

Bature ya ɗaga kai sama, ya ga lallai tun zuwansa ya fake a gindin itacen da ya zo turewa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, kowa ya kwashe, har direban katafila da ya taho jin abin da ya tsai da shi. Daga nan ya kafa na'urar awonsa, ya leƙa, ya yi taku zuwa gabas, ya dawo, ya sake leƙawa. Ya daɗe yana lissafi a bayan hannunsa. Can ya ce idan aka karkatar da hanyar ruwan taku kaɗan, ruwa zai gangara yadda ake so, ɗorawar kuma ta tsaya a kan gaɓa, ba ta tare wa kowa komai ba. Ya soke kalmomin "shi kaɗai" da bironsa, ya juya fom ɗin, ya rubuta a bayansa wanda ke da ƙasa, wadda ke da itace, da mai kiwon kara. Sannan ya miƙa min wuƙarsa ya ce tunda ni na shafa jan, ni zan kankare. Na kankare a gaban jama'a, ƙannena na yi min tafi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kowa ya yi sa'armu ba. Itatuwa da yawa sun faɗi a shekarun nan, daga Maradun har Bakura, mutane sun rabu da gonakin da suka gada, an sha baƙin ciki. Shi ma Bafulatanin rubutun bai cece shi ba, don da aka fara noman alkama da rani babu sauran fili na shanu, dole ya yi gaba. Tamu ɗorawar ce ta tsira, kuma har yau idan ka bi hanyar ruwan nan za ka ga ta taho miƙe sambal, ta ɗan kauce, ta sake miƙewa.

Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, na ga tsare-tsare da yawa da aka ɗauko daga nesa, kowanne da tabbacin ya yi aiki a wata ƙasa. Wasu sun amfane mu, ba na musu. Amma tun daga ranar, duk takardar da aka ba ni in kai wa mutane, nakan fara tambayar su yadda suke yin abin kafin ta zo. Baturen nan yana da uzuri, baƙo ne, kuma da ya gani ya gyara. Ni da na tashi ina shan garin ɗorawar ne ba ni da shi.

Da aka watse ranar Asabar ɗin nan, Bature ya ba kowa kwafin takardar. Mahaifiyata ba ta karatun boko, kuma ba a taɓa rubuta sunanta a takardar hukuma ba. Ta riƙe ta da hannu biyu har gida. Da muka shiga ta miƙo min ta ce in karanta. Na karanta mata: itacen ɗorawa, mallakar wance 'yar wane, da sunanta da na mahaifinta. Matar da ke jin raɗar ƙannena daga bayan danga, sai ta karkato da kunne, idonta ya ciko.

"Ban ji da kyau ba," ta ce. "Sake karantawa."