Injin Gishirin Kwamin Baba

Na yi aiki a gidaje da yawa a Birnin Kebbi, na haɗa sola, na ciro injin bohol na mayar, kuma mafi yawansu yau ko ƙofar gidan ba zan gane ba. Amma akwai aiki guda a unguwar Nasarawa da ba na jin zai bar raina muddin ina numfashi.

Mai gidan dattijo ne ɗan kudu da ya zo ƙasar Kabi tun yana saurayi. Ya daɗe da shago a Argungu yana sayar wa manoman shinkafa kayan injin ban-ruwa, kafin ya dawo Birnin Kebbi. Tun ina koyon aiki nake sayen kaya a wurinsa, Baba muke ce masa. Mutum ne mai surutu da barkwanci, Hausarsa irin tamu ta nan, in daga bayan katanga ka ji shi sai ka rantse ɗan Gulma ne. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ya tafi da maganar gaba ɗaya.

Likita ya ce motsa jiki a cikin ruwa zai taimaka masa. 'Ya'yansa suka gina masa ƙaramin kwamin iyo a bayan gida, ruwan iya ƙirji, da ƙarfen riƙewa a gefe. Da yake hodar kulorin tana sa masa ƙaiƙayi, sai suka sa wani inji da ke yin maganin da kansa daga gishirin da aka narka a ruwan. A cikin kwamin nan ne kawai Baba yake iya tsayuwa ya yi taku.

Wata safiya matarsa ta kira ni. Mama, kamar yadda kowa ke ce mata, mace ce mai shagon atamfa, ba ta da yawan kuka da hali, amma ranar muryarta a raunane take. Na hau mashin daga Gwadangaji na tafi. Na tarar ruwan ya yi duhu, ya fara kore a gefe-gefe, bangon kwamin yana santsi. Baba yana kan keken marasa lafiya a inuwar mangwaro, ya rame, ya zuba wa ruwan ido.

"Malam, dubi ruwan ga," in ji Mama. "Tun da ya ɓaci na hana shi shiga. Yanzu abinci ma sai da faɗa. Waɗanda sunka haɗa injin suna Legas, sun ce ba ranar zuwa."

Na faɗa mata gaskiya, ban taɓa taɓa irin wannan injin ba. Ta ce, "Ai wuta da ruwa ne, kai kuma su ka sani."

Na gaida Baba sama-sama, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a jiran amsarsa, na wuce wurin inji. Akwatin da ke sarrafa shi yana manne a bango, wata jar fitila tana ƙiftawa, rubutun kusa da ita yana cewa gishiri ya yi ƙasa. Mama ta ce ita ma abin da ta gani ke nan, ta ƙara gishiri har ta gaji, fitilar ba ta mutu ba. Na zauna a kan bokiti na nemo bayanin injin a waya, na karanta a tsanake. A ƙarƙashin akwatin, a jikin bututu, akwai wani gwangwanin roba da ake hango cikinsa, da faranta na ƙarfe a jere kamar haƙoran mataji. Shi suke kira sel. Ruwan gishiri yana bi ta tsakanin farantan, wuta tana ratsa shi, sai kulorin ya fito.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Akwai 'yan takardun gwaji da aka zo da su tare da injin, na tsoma ɗaya, ta nuna gishiri ya isa har ya wuce. To ke nan ba ruwan ne da laifi ba, injin ne yake faɗin abin da ba haka ba. Na wanke matatar ruwa, na tabbatar famfo yana turawa da ƙarfi. Na duba wayoyi, ba tsatsa, ba wanda ya saki. Na sa mita, wuta tana isa har bakin sel. Saura shi kansa.

Na kashe wuta, na rufe makunnan ruwa, na kwance shi. Farantan sun yi fari fat da irin dattin nan da ke kama gindin butar shayi, aikin ruwan bohol ɗinmu. Bayanin ya hana kankarewa da ƙarfe, don akwai wani siririn shafi a jikin farantan, in ya tafi shi ke nan. Na sa safar hannu, na zuba ruwa a roba, sannan na tsiyaya asid kaɗan a kai, na jiƙa farantan. Suka yi ta kumfa suna tsuwwa. Da kumfar ta lafa na ɗauraye, na mayar, na kunna. Fitila ta koma kore. Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, ni ma har na fara tattara kaya. Kafin in gama shan ruwan da ta kawo mini, jar fitilar ta dawo.

Da na sake kwancewa na ɗaga shi ga rana, sai na ga abin da datti ya ɓoye: bakin farantan ya cinye, shafin ya ɓare wuri-wuri. Ya gama yayinsa, wanki ba zai ta da shi ba. Na ɗauki hoton lambar jikinsa, Mama ta tura wa babban ɗansu, ya nemo irinsa ya sa a mota. Kafin ya iso na rage ruwan kwamin na ƙara sabo don gishirin ya daidaita, na goge bango, na sa hodar kulorin sau ɗaya don ta kashe koren.

Ranar da kaya suka iso, da hantsi na je. Aka turo Baba inuwarsa. Na zare sabon sel daga kwali, na daidaita shi a bututu, na fara ɗaure bakinsa. Sai na ji Baba yana wani gurnani yana buga hannun hagu a jikin keke. Mama ta yi masa magana da yarensu, ta juyo ta ce mini, "Ruwa yake so. Ci gaba da aikinka." Na ci gaba. Baba ya ƙara ƙarfin bugun, har ya ture kofin da ke cinyarsa. Mama ta kama keken za ta mai da shi ɗaki, sai ya damƙe tayar da hannunsa mai lafiya, ya ƙi saki.

Ban san abin da ya sa na ajiye sifana ba. Na je na durƙusa a gabansa, ido cikin ido, abin da ban yi ba tun farkon zuwana.

"Baba, mi kake nuna min?"

Ya dube ni, sannan ya juya ido a hankali. Ba ruwa yake kallo ba, kwalin da na yar a ƙasa yake kallo. Na ɗauko na zazzage. Wani baƙin zoben roba ya faɗo, irin wanda ake sa wa a mahaɗar bututu don kada ruwa ya tsiyaya. Biyu aka zo da su, ɗaya ya maƙale a kwali, na ɗaure baki guda babu shi. Da na kunna famfo a haka, ruwan gishiri zai yi tsartuwa kai tsaye cikin akwatin wuta da ke sama.

Na nuna masa zoben. Ya gyaɗa kai, ya murza babban yatsa da manuni, ya shafa a iska. Na gane: in shafa masa man zoben roba kafin in sa. Na yi yadda ya nuna. Da na zo ɗaurewa na waiwaya, ya ɗaga hannu alamar ya isa, kada in matse ya fashe. Daga nan duk abin da zan yi sai na faɗa masa da baki. Na buɗe ruwa, ba ɗigo. Na kunna wuta, muka zuba ido, ƙananan kumfa suka fara tashi daga farantan kamar farin hayaƙi a cikin ruwa. Fitila ta tsaya a kore ba ta motsa ba. Ɓarin bakin Baba mai lafiya ya ɗaga.

Mama ta zauna a bakin kwami. Can ta ce, "Duk ranar da na zuba gishiri sai ya yi ta girgiza kai. Na ɗauka fushi ne." Har yau ban sani ba ko ya gane matsalar tun lokacin, ko wani abu dabam yake nufi. Abin da na sani, ba wanda ya tambaye shi.

Da ruwan ya washe, gwaji ya nuna ya yi daidai, Mama ta ce in zo in taya ta saukar da shi. Na naɗe wando na shiga na riƙe shi ta dama. Ya kama ƙarfe, ya ja ƙafar nan, ya yi taku, ya sake yi. Mama tana bakin ruwa tana tambayarsa, "Ya yi sanyi? A ƙara takun ko a tsaya?" kuma tana jira har ya amsa da kai. Da muka fito ya ci tuwon shinkafa ba tare da an roƙe shi ba.

Tun daga ranar, in na shiga gidan da ke da marar lafiya ko tsoho, ba na magana ta saman kansa. Ina durƙusawa in gaishe shi, in tambaye shi, in ba shi lokaci. Na koyi cewa ciwo yana iya ɗauke wa mutum harshe ya bar masa hankalinsa da saninsa cif, kuma ba abin da ya fi yi masa zafi irin na kusa da shi su yanke abin da yake nufi ba su jira ya nuna ba.