Mujiyar Malam Daudu

Idan ka shiga Kazaure ka tambayi gidan Malam Daudu mai zane, sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce Daudu Mujiya, ko ɗan acaɓan da ya fara sana'a jiya zai kai ka har ƙofar gida. Ba don muni aka sa masa sunan ba, ko da yake shi ma bai taɓa da'awar kyau ba. Wani tsuntsu ne da ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana zanawa ya jawo masa.

A Kano ya koyi fenti, a jikin manyan motoci, inda ake zana zaki da dawisu a rubuta addu'ar hanya. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo gida ya karɓi gona, ya kafa rumfa kusa da tasha yana rubuta allunan shaguna. A lokacin ne Julius, wani mutumin Filato da ya zo gyaran rediyo har ya zama ɗan gari, ya buɗe gidan kallo da talabijin guda da bencina. Daudu ke rubuta masa allon fim ɗin kowace rana.

Wata rana Julius ya saka fim ɗin ban tsoro, irin wanda gawa ke tashi ta bi mutane, alhali yaran unguwa sun cika benci. Washegari iyaye mata suka yi dafifi a ƙofar mai unguwa. Wannan ɗanta ya yi fitsarin kwance, waccan nata ya ƙi zuwa banɗaki sai da rakiya. Julius ya ɗauko kwalin kaset ya nuna lamba goma sha takwas a jiki, yana rantsuwa cewa har a allo an rubuta ta, ma'ana wanda bai kai waɗannan shekaru ba kada ya kalla. Gaskiya ya faɗa. Sai dai da wata tsohuwa ta tambaye shi ko lambar kuɗin shiga ce, kowa ya gane inda gizo ke saƙa.

Mai unguwa ya ce ko a samo mafita ko a rufe gidan. Daudu ya nemi a ba shi zuwa gobe. Da safe ya fito da allo, a kusurwarsa ta sama hannun dama ya zana baƙar mujiya mai jajayen idanu a kan rawaya. Babu Bahaushe ko Bafulatanin da sai an yi masa fassarar mujiya. Aka yi shela cewa duk ranar da ta fito a allo, yaro kada ya kusanci gidan kallo. Lambar ma bai cire ta ba, ya bar ta a ƙarƙashin ƙafar tsuntsuwar saboda masu karatu.

Kafin ka ce kwabo mujiya ta yi fiffike. Masu gidajen kallo na Roni da Gwiwa da Babura suka riƙa aiko da allunansu. Kuma duk inda ka gan ta iri ɗaya ce: baƙa, jan ido, rawaya a baya, sama hannun dama. Julius yakan tsokane shi ya ce, "Malam Daudu, ko sau ɗaya ka ɗinka mata sabuwar riga mana, ko don Sallah." Shi kuma ya ce, "Ranar da ta canza riga, ranar za a daina gane ta."

An gwada shi, ba sau ɗaya ba. Wani mai gidan kallo ya lura samari na rububin duk fim mai mujiya, ya roƙi a zana masa ita a kan fim ɗin soyayya. Daudu ya wanke buroshinsa ya ce masa ya gaida gida. Wani kuma ya so a ɓoye ta lokacin hutun makaranta don yara su cika benci, shi ma haka ya koma da allonsa fari fat. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, fim ya koma cikin waya, amma masu tura finafinai a kasuwa suka ɗauki hoton mujiyar suna liƙa shi a gaban kowane fim na ban tsoro. Abin yana yi wa Daudu daɗi ƙwarai.

Autarsa Bahijja a cikin gwangwanayen fenti ta girma. Ta zama malamar firamare a Roni, sai dai hannun gado bai bar ta ba. Ta riƙa haɗa 'yan tsana da kara da tsumma, tana ɗaukarsu da waya, tana yi musu murya da kanta, har ta kammala fim ɗin yara a kan wani bunsuru da ya rantse sai ya shiga makaranta. Abokan aikinta suka yi ta dariya, wai malama da girmanta tana wasan 'yar tsana. Hedimasta ya ce ya ba ta babban aji ranar Asabar bayan Azahar. In yara sun zo sun ji daɗi, zai yi magana da takwarorinsa na Gwiwa da Babura ta kai musu. In ba su zo ba, ta ajiye kara ta riƙe alli, magana ta ƙare.

"Baba, kai za ka yi min alluna," in ji ta.

Ai ko ba ta roƙa ba. Daudu ya zauna ya zuba duk abin da Allah ya sanar da shi. Ga bunsuru da jakar makaranta a wuya, gemu na kaɗawa, kamar zai yi magana. Da ya gama ya ja da baya yana kallo, sai wani abu ya taso masa a zuci. Tunda yake bai taɓa sa hannu a allo ba. Amma wannan na 'yarsa ne, yana so duk wanda ya gani ya san ubanta na tsaye a bayanta. In ya rubuta Daudu, Daudu nawa ne a ƙasar Kazaure? Sai ya ɗauki ƙaramin buroshi ya zana 'yar mujiya can ƙasa hannun hagu, ba ta fi babban yatsa ba, ya sa mata hula, ya yi mata murmushi.

Matarsa Saude ta leƙo ta gani. "Malam, wannan fa?"

"Sa hannu ne. Ba ki ga murmushi take ba?"

"To, mujiya dai mujiya ce," in ji Saude, ta koma kan tukunyarta. Bai saurare ta ba, so ya hana shi ganin laifi. Bahijja kuwa tana can tana fama da shiri, 'yan acaɓa aka bai wa allunan suka kafa a Roni, a bakin kasuwa da tasha da wajen famfo.

Ranar Asabar Julius, wanda yanzu furfura ta cinye kansa, ya ɗauko majigi da janareta a tsohuwar motarsa, Daudu na biye a babur. Aka rataye farin ƙyalle, aka toshe tagogi, aka shimfiɗa tabarmi. Azahar ta wuce, babu yaro ko ɗaya. Sai ga samari, majiya ƙarfi, 'yan acaɓa da masu faci, sun shigo sun baje a tabarmar yara suna gyara zama. Aka kunna fim. Bunsurun kara ya fito yana gaida hedimastan tsumma. Can wani ya gaji ya ɗaga murya, "Malama, wai yaushe bunsurun zai rikiɗa ne?"

Aji ya kaure da dariya. Bahijja ta fita baranda ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Hedimasta ya dubi agogo. Daudu kuwa bai taɓa iya jure kukan yarinyar nan ba tun tana goye.

Ya hau babur ya nufi bakin kasuwa. A gaban allon ya tarar da Inno, wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da nono da ke zuwa daga ruga a bayan gari, jikokinta na jan zanenta suna nuna bunsuru, ita kuma ta riƙe su gam.

"Sannu da rana, Inno. Ba za ki bar yaran su je ba? Ai fim ɗinsu ne."

"Malam Daudu, kai da bakinka?" Ta nuna kusurwar allon da leɓe. "Ga ta nan."

"Haba Inno, wannan 'yar ƙarama? Sa hannuna ne kawai. Dubi har hula gare ta."

"Ni ban san sa hannu ba," in ji ta. "Tun uban waɗannan yana kamarsu nake duba allonka. In ta fito in tsare yara, in ba ta fito ba in sake su. Ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Yau don ta sa hula sai in ce ba ita ba ce? Duk matan garin nan sun gan ta, kowa ta kulle nata a gida."

Kunya ta kama Daudu, garin neman gira ya kusa rasa ido. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani farin ciki da ya rasa inda zai sa shi. Ashe tsuntsuwar ta daɗe da barin hannunsa, ta zama ta matan nan.

Ba ya rabuwa da 'yan gwangwanayen fenti a jakar babur. Ya durƙusa a gaban jama'ar kasuwa, ya shafe 'yar mujiyarsa da fari, hula da murmushi da komai. A sama hannun dama, inda kowa ya saba kai ido, ya zana kaza da 'yan tsakinta a kan kore.

Inno ta matso ta ƙare mata kallo. "Yauwa, yanzu ka yi magana." Ta sauke ƙwaryarta ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira da Fulatanci.

Daudu ya bi sauran allunan yana shafewa yana zanawa, labari kuma ya riga babur ɗinsa gudu. Julius ya lallashi hedimasta a jira a yi La'asar. Ana idar da salla yara suka fara kwararowa, wasu da ƙannensu a baya, har aji ya rasa masaka tsinke. Aka kora samarin baya. Abin mamaki ba wanda ya tafi, wanda ya nemi bunsuru ya rikiɗa ma ya fi kowa ƙyaƙyata dariya. Tun fim bai ƙare ba hedimasta ya fita da waya a kunne yana neman takwaransa na Gwiwa.

Daudu na tsaye a bakin ƙofa, hannu duk fenti, lokacin da bunsuru ya karɓi allonsa na karatu, ƙyalle ya yi baƙi, rubutu ya fito. Bai taɓa kallon fim ɗin har ƙarshe ba. Saboda ƙananan da ba su iya karatu ba, Bahijja ta karanta da ƙarfi: "Wanda ya koya min riƙe buroshi, Babana, Malam Daudu mai zane, Kazaure."

Yara suka juyo gaba ɗaya suna tafi. Daudu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Julius ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tun farko an sa maka hannu, Malam. Da ka jira."